Zaɓen 'Yan Wasan Ƙwallon Kwando na Ƙasa: Ina Rabon Yaron Matazu?

Gabatarwa

Duk lokacin da wata babbar gasa ta ƙwallon kwando ta gabato, Hukumar Ƙwallon Kwando ta Nijeriya takan fitar da sunayen mutum 12 waɗanda za su ɗauki tutar ƙasa. Da zarar sunayen sun fito sai muhawara ta kaure tsakanin masu sha'awar wasan. Wasu su ce an yi son kai, wasu su ce an kwaso 'yan ƙetare an bar 'yan gida, wasu kuma, musamman a Arewa, su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya suna neman nasu su rasa. Daga nan sai a ɗora wa mai horarwa laifi, a yi ta ƙorafi har gasar ta wuce, sa'an nan a manta da zancen sai wata shekara.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a ranar da ake karanta sunayen nan, an riga an gama zaɓen tun shekaru goma da suka wuce. Mai horarwa yana ɗiba ne daga cikin waɗanda hanya ta kawo gabansa, kuma ba shi da ikon ɗaukar wanda bai taɓa riƙe ƙwallon ba. Saboda haka duk mai neman a yi adalci a wannan zaɓe, hanyar ya kamata ya sa wa ido. Za a ɗauki Matazu, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtuwa a Jihar Katsina, a matsayin ma'auni, domin abin da ya sami yaron Matazu shi ne ya sami takwarorinsa na Musawa da Ƙafur da Bakori da sauran garuruwan manoma.

Sharuɗɗan da Duniya ta Gindaya

Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a Amurka a shekarar 1891. An kafa hukumar da ke kula da wasan a duniya, wato FIBA, a 1932, Nijeriya kuwa ta shiga cikinta a 1964. Ita wannan hukuma ba ta zaɓar wa kowace ƙasa 'yan wasa. Abin da take yi shi ne shata iyaka, ta ce ga wanda ya halatta a ɗauka, ga wanda bai halatta ba. Kowace ƙasa tana zuwa gasa da mutum 12, biyar daga cikinsu ne a fili a lokaci guda, kuma tilas kowannensu ya kasance ɗan ƙasar da yake wakilta a gaban doka.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya fi damun ƙasashe irin Nijeriya. Duk wanda ya sami zama ɗan ƙasa bayan ya wuce shekarun da aka ƙayyade, FIBA tana ɗaukarsa a matsayin wanda ya shigo daga baya, kuma mutum ɗaya tak irin wannan aka yarda a sa cikin 12. Hujjar da aka fi dubawa ita ce fasfo. Ke nan yaron da aka haifa a Amurka, uwa da uba duk 'yan Nijeriya, idan iyayensa ba su yi masa fasfon Nijeriya kafin ya wuce waɗannan shekaru ba, zai iya samun kansa yana takarar gurbi ɗaya da wasu irinsa, sai fa in hukumar ta duba dangantakarsa da ƙasar ta sassauta masa. An yi wannan doka ne domin kada ƙasashe masu kuɗi su riƙa sayen ƙungiya sukutum suna raba mata takardun zama 'yan ƙasa.

Sharaɗi na uku kuwa shi ne, wanda ya buga wa wata ƙasa babbar gasa bayan ya cika shekara 17 ba zai koma wata ba, sai da izini na musamman. Wannan ne ya hana Nneka Ogwumike sa rigar Nijeriya. Iyayenta 'yan Nijeriya ne, kuma ita ce gwarzuwar gasar ƙwararrun mata ta Amurka a 2016. Da Amurka ta bar ta a baya a tawagar Olamfik ta Tokiyo a 2021, sai ta nemi buga wa Nijeriya, FIBA ta ƙi, domin ta riga ta ci wa Amurka kofin duniya a 2014 da 2018. Ƙanwarta Erica, wadda ba ta da wannan tarihi, ta sami shiga. Kafin wannan, abin ya taɓa juyawa ta ɗaya ɓangaren: Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya zama ɗan Amurka a 1993, kuma Amurka ya ci wa lambar zinare a Olamfik ta 1996.

Aikin Mai Horarwa

A cikin wannan iyaka ne hukumar kowace ƙasa take naɗa mai horarwa, shi kuma ya fitar da dogon jerin sunaye, a kira su sansani, a yi ta atisaye da wasannin gwaji ana rage su har su koma 12. Abin lura a nan shi ne, ba a jera gwanaye 12 mafi suna a ce an haɗa ƙungiya. Ana bukatar mai raba ƙwallo wanda zai tsara kai hari, da masu jefawa daga nesa, da dogaye waɗanda za su tsaya ƙarƙashin kwando su tare, su kuma cafe ƙwallon da ya kuskure. Sau da yawa akan bar gwani a gida a ɗauki wanda bai kai shi ba, saboda gurbin gwanin ya cika, na ɗayan kuwa babu kowa.

Amurka da kanta sai da ta koyi wannan darasi. Tun da FIBA ta buɗe wa ƙwararrun NBA ƙofa a 1989, Amurkawa suka riƙa tara taurari gab da gasa suna lashe zinare. A Olamfik ta 2004 a ƙasar Girka aka doke su har sau uku, suka dawo da tagulla. A 2005 suka danƙa ragamar zaɓe a hannun mutum ɗaya, Jerry Colangelo, wanda ya ce duk mai son rigar ƙasa sai ya yi alkawarin zama da ƙungiyar shekara uku. Suka koma kan zinare a 2008. Ashe ko mai rumbu cike da gwanaye ba ya fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma batun lokaci. Daga watan Nuwamba na 2017, FIBA ta rarraba wasannin neman gurbin shiga gasar maza zuwa zango-zango a cikin shekara, wasu a Nuwamba, wasu a Fabrairu. A waɗannan watanni kuwa gasar NBA tana tsaka da gudana, kuma ba ta sakin 'yan wasanta. Ma'anar wannan ita ce kowace ƙasa tana bukatar ƙungiya biyu: ta ranar biki, wadda taurari ke cikawa, da ta ranar aiki, wadda za ta nemo gurbin da taurarin za su zo su taka rawa a kai. Ƙasar da ba ta da gasar cikin gida mai ƙarfi, a ranar aikin nan asirinta yake tonuwa.

Inda Nijeriya ke Samo 'Yan Wasanta

Babu mai musun cewa 'ya'yan Nijeriya mazauna ƙetare sun ɗaga sunan ƙasar. Ƙungiyar maza, wadda ake kira D'Tigers, ta fara zuwa Olamfik a Landan a 2012, inda Amurka ta lallasa ta da maki 156 da 73. A 2015 ta ci kofin Afirka karo na farko a Tunisiya, bayan ta doke Angola da maki 74 da 65. A watan Yuli na 2021 kuwa, a wasan sada zumunci a Las Begas, ta doke Amurka da maki 90 da 87, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba. Takwas daga cikin 12 da suka tafi Tokiyo a wannan shekara 'yan wasan NBA ne, kuma babu ko ɗaya da ke buga wa wata ƙungiya ta cikin Nijeriya. A Tokiyon an doke su a duk wasanni ukun da suka buga. Bayan shekara biyu, da aka zo gasar kofin duniya ta 2023, Nijeriya ba ta ma sami gurbi ba, alhali Sudan ta Kudu, wadda ta sami 'yancin kai a 2011, ta samu.

Ƙungiyar mata, D'Tigress, ta fi ta maza dacewa. Ta ci kofin Afirka a 2003 da 2005, sa'an nan ta jera biyar ba hutawa: 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025. A Olamfik ta 2024 a Faransa ta doke Ostireliya da Kanada, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza da mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe. Mai horar da ita a wannan tafiya, Rena Wakama, haifaffiyar Amurka ce, haka ma da yawa daga cikin fitattun 'yan wasanta, irin su Amy Okonkwo da Ezinne Kalu. Sai dai a cikinsu akwai Murjanatu Musa, wadda ta fara suna a ƙungiyar Air Warriors ta Abuja a gasar mata ta cikin gida, kafin ta wuce Turai. Ita shaida ce cewa idan gasar gida tana gudana, takan fitar da wanda zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da kowa.

Ƙorafi Biyu da Amsarsu

Ƙorafi na farko shi ne na masu cewa 'yan ƙetare kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara, don haka a kore su a ba 'yan gida dama. Wannan magana ba ta da tushe a doka, kuma ba ta da shi a al'ada. Bahaushen da aka haifa a Kumasi ko Wad Madani ba ya daina zama ɗan gidansu don an yanke masa cibiya a can. Yaron da ya bar hutunsa ya zo ya sa rigar ƙasar iyayensa, wani lokaci ma alawus ɗinsa ya maƙale, kamar yadda 'yan D'Tigress suka fito fili suka koka a watan Oktoba na 2021, bai cancanci gori ba. Kuskuren yana wuyan hukumomin da suka mai da wannan baiwa abin dogaro, suka bar gida ya bushe. Yaran nan makarantun Amurka ne suka rene su, da filayensu da malamansu. Nijeriya tana girbin abin da wasu suka shuka ne.

Ƙorafi na biyu ya fi yawa a Arewa, wato a raba guraben 12 tsakanin shiyyoyin ƙasa, tun da sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya yi umurnin a riƙa la'akari da kowane ɓangare wajen naɗe-naɗen gwamnati. Masu wannan ra'ayi suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: ƙungiyar da ake kashe wa kuɗin kowa, ya kamata kowa ya ga fuskarsa a cikinta, kuma yaro ba ya sha'awar abin da bai taɓa ganin irinsa yana yi ba. Amma maganin da suka kawo ba zai warkar da cutar ba. Manomin Funtuwa ya san cewa ranar da aka kai auduga kasuwa, mai tantancewa ba ya tambayar daga wane ƙauye ta fito. Kyanta yake dubawa ya ba ta lamba. Fagen gasa ma haka yake. Ɗan wasan da aka ɗauka don cika kaso, abokan karawa za su gane shi cikin minti biyu su riƙa bi ta kansa, ya dawo gida da kunyar da za ta shafi duk yankin da aka ce yana wakilta. Wurin da ya dace a yi rabon adalci shi ne wurin raba iri da taki, wato filaye da malamai da gasar makarantu.

Hanyar da ke Tsakanin Matazu da Sansanin Ƙasa

Mai karatu ya ɗauki yaro ɗan shekara 13 a wani ƙauye na Matazu, wanda Allah Ya yi wa tsawo da ƙarfin ƙashi, ya ƙirga matakan da zai taka kafin sunansa ya isa kunnen mai horar da ƙungiyar ƙasa. Da farko sai ya san akwai wasan. Ƙwallon ƙafa yana bukatar fili da duwatsu huɗu kawai, shi ya sa babu ƙauyen da bai shiga ba. Ƙwallon kwando kuwa yana bukatar daɓen siminti mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, da kwando a bisan mita 3.05, da ƙwallon da zai yi tsalle. A karkara, inda duk aka sami irin wannan fili, galibi a makarantar sakandare ta kwana ne. Yaron da ke jeka-ka-dawo, wanda da an tashi gona ke jiransa da damina, da wuya ya taɓa ganinsa.

Mataki na biyu shi ne gasar makarantu. Tun 1999 ake gudanar da gasar ƙwallon kwando ta Milo tsakanin makarantun sakandare, daga matakin jiha zuwa shiyya zuwa ƙasa, kuma tun 1973 ake yin Bikin Wasanni na Ƙasa. Amma makarantar da ba ta da fili da malami ba za ta shiga ba, ko da an aiko mata takardar gayyata. Daɗin daɗawa, matsalar 'yan bindiga ta ƙara toshe wannan hanya. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana na wani lokaci, iyaye kuma suka ƙara ɗari-ɗari da barin 'ya'yansu su yi tafiya da sunan wasa. Babu wanda zai ga laifinsu.

Mataki na uku shi ne ƙungiya da gasar ƙasa, kuma a nan ne shugabannin wasan suka fi cutar da yaran gida. A watan Yuni na 2017 an yi zaɓen shugabannin hukumar har biyu, ɗaya a Kano wanda ya fitar da Tijjani Umar, ɗaya a Abuja wanda ya fitar da Musa Kida. A watan Janairu na 2022 aka sake yin biyu, ɗaya a Binin ɗaya a Abuja. A tsawon wannan taƙaddama gasar maza ta cikin gida ta yi ta tafiya tana tsayawa. Ɗan wasan da ke Turai ko Amurka bai rasa komai ba, domin ƙungiyarsa tana biyansa tana horar da shi. Wanda ke Kano ko Gombe shi ne ya zauna ƙuruciyarsa tana wucewa. A watan Mayu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta janye Nijeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu. Ta janye wannan hukunci a watan Yuni, amma kafin nan FIBA ta riga ta ba ƙasar Mali gurbin da D'Tigress suka sha wuya suka samu a gasar kofin duniya ta Ostireliya. Idan har waɗanda suka kai ƙololuwa za su iya rasa rabonsu ta haka, ina ga wanda bai taka matakin farko ba?

Mataki na ƙarshe shi ne gwajin tantancewa. A 2023 an buɗe wa 'yan mata ƙofar gwaji a Shikago da Legas da Abuja, kowa ta zo ta nuna abin da ta iya. Wannan mataki ne mai kyau, kuma ya fi a zauna a ofis a rubuta sunaye. Amma buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta amfanar wanda ba shi da kuɗin mota zuwa bakinta, balle wanda bai ji labarinta ba.

Darasin Zariya

Wani zai ce ai wasan ne bai karɓi Arewa ba. Tarihin Zariya ya ƙaryata wannan. Daga Funtuwa zuwa Zariya bai kai tafiyar awa biyu a mota ba, amma a filin Jami'ar Ahmadu Bello wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana koya wa yara ƙwallon kwando, 'ya'yan ma'aikata da na unguwannin kewaye. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya girma a Zariya, ya zo ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Ejike Ugboaja, wanda ƙungiyar Cleveland ta ɗauka a zaɓen NBA na 2006 yana wasa a cikin Nijeriya, shi ma ya bi ta wannan jami'a. A Kano, ƙungiyar Kano Pillars ta ci gasar ƙasa sau da dama, kuma ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Masar a 2016.

Mutanen Zariya ba su fi na Matazu tsawo ba. Abin da Zariya ta samu shi ne fili ɗaya a buɗe da malami ɗaya wanda ya zauna bai tashi ba. Shi kansa Olajuwon ƙwallon ƙafa da na hannu yake yi a makarantarsu ta Legas, sai da ya kai kimanin shekara 15 sa'an nan ya fara ƙwallon kwando. Da makarantar ba ta shiga gasa ba, da duniya ba ta ji sunansa ba. Angola ma ta ci kofin Afirka na maza sau 12, na baya-bayan nan a 2025, kuma ƙashin bayan ƙungiyarta a mafi yawan shekarun nan 'yan wasan ƙungiyoyin birnin Luwanda ne, waɗanda suka saba da juna shekara da shekaru.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, Hukumar Ƙwallon Kwando ta riƙa bayyana ƙa'idojin zaɓe a rubuce kafin kowace gasa: wa ke zaɓen, da wane ma'auni, kuma daga waɗanne gasanni ake duba 'yan wasa. Inda babu bayani, zargi ne ke cika wurin. Ta kuma ware wa 'yan gasar cikin gida gurabe a dogon jerin da ake kira sansani, domin su gwabza da 'yan ƙetare a fili ɗaya. Wanda ya tsira ya shiga 12, wanda bai tsira ba ya koma ƙungiyarsa da ilmin da ba a sayarwa a kasuwa.

Na biyu, a kai gwajin matasa 'yan ƙasa da shekara 16 da 18 kowace shiyya, Zariya da Kano da Sakkwato duk su zama cibiyoyi, kuma jihohi su ɗauki nauyin kai yaransu. A haɗa wannan da rajistar haihuwa ta gaskiya, domin ƙaryar shekaru tana kashe gwajin matasa tun daga tushe: ƙato ɗan shekara 22 ya danne yaro ɗan 15, a ɗauki wanda ya gama girma a bar mai tasowa.

Na uku, gwamnatin Katsina da ƙananan hukumominta su fara da abin da aljihu zai iya. Akwai nau'in wasan da ake yi uku da uku a rabin fili da kwando ɗaya, wanda ya shiga Olamfik tun daga gasar Tokiyo. Daɓen mita 15 da 11 a babbar sakandaren kowace ƙaramar hukuma daga cikin 34 bai fi ƙarfin jiha ba. Malaman motsa jiki su riƙa auna tsawon yaran aji ɗaya suna ajiye sunaye, a kuma shirya gasa da rani bayan an gama kai amfanin gona gida, a wuraren da tsaro ya samu. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Matazu, tana iya zama wa yankin abin da Jami'ar Ahmadu Bello ta zama wa Zariya. Da D'Tigress suka ci kofin 2025, Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 ga kowace 'yar wasa. Sun cancanci abinsu. Sai dai ƙasar da ta iya wannan karamci ranar girbi, bai kamata ta ce ba ta da kuɗin siminti ranar shuka ba.

Na huɗu ya shafi 'yan mata. A da dokar FIBA ta hana rufe kai a fili, har ta sa 'yan wasan ƙasar Ƙatar suka fice daga gasar Asiya a 2014. A 2017 aka sauya dokar, aka halatta wasa da lulluɓin da ya cika sharuɗɗa. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba. Idan aka samar da fili mai katanga a makarantun 'yan mata, da malamai mata, da suturar da ta dace da addini da al'ada, an kawar da babban dalilin hanawa.

Na biyar kuwa aikin Sashen Hausa ne da ɗalibansa. Ƙwallon ƙafa ya shiga zuciyar Bahaushe ne ta bakin masu sharhi a rediyo, waɗanda suka ba shi kalmomi irin su mai tsaron gida da bugun kusurwa da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ƙwallon kwando har yanzu yawancin kalmominsa na Turanci ne. Fassara dokokinsa, da daidaita sunayen gurabensa, da shirya ɗan littafi ga malaman firamare da sakandare, aiki ne da ɗalibin ajin ƙarshe zai iya ɗauka a matsayin kundin digirinsa. Uban da za a roƙa ya bar ɗansa ya tafi Katsina gasa, da Hausa za a yi masa bayani ya gamsu.

Kammalawa

An ga yadda FIBA ke shata iyaka, da yadda mai horarwa ke zaɓe a cikinta, da kuma yadda Nijeriya ta jingina da 'ya'yanta na ƙetare har ta yi sake da na gida. Guraben 12 na wanda ya fi iyawa ne, daga Legas ya fito ko daga Landan, kuma haka ya kamata su zauna. Haƙƙin yaron Matazu shi ne a kawo masa fili da malami da gasa tun yana ɗanye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan an yi masa wannan ya kasa, babu wanda ya zalunce shi. Muddin ba a yi ba kuwa, duk jerin sunayen da aka fitar zaɓe ne daga wani yanki na 'ya'yan ƙasa, saura ba a gwada su ba balle a san abin da aka yi asara. Allah Ya sa shugabannin wasanni su gane, Ya kuma kawo zaman lafiya a karkara, amin.